Harshe a Duniyar Ƙage: Nazari da Shawara kan Wasu Ƙagaggun Labaran Kimiyya da na Al'ajabi Masu Wuyar Karatu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1969 ne aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, littafin da manazarta adabin Hausa suke ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a wannan harshe. A cikin wannan shekara ce kuma 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata, ita kuma Ursula K. Le Guin ta fitar da The Left Hand of Darkness. Littafin Le Guin ya haifar da muhawarar da har yau ba ta lafa ba. Na Dembo kuwa, a ganina, bai sami irin kulawar da ta dace da shi ba, domin yawancinmu mukan ambace shi ne a jerin sunaye idan muna ba da tarihin ƙagaggun labarai, daga nan sai mu wuce.

Dalilin haka ba ya rasa nasaba da kallon da muke yi wa wannan reshe na adabi. Da yawa daga cikin masana harshe suna ganin labarin jirgin sama jannati ko na matsafa abu ne na yara. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa akwai littattafai a wannan fage waɗanda harshe shi ne jigonsu, kuma tambayoyin da suke tayarwa su ne waɗanda muke fama da su a azuzuwan nahawu da ilimin ma'ana da fassara. An zaɓo littattafai takwas, an bayyana inda wuyar kowanne take, da ribar da mai karatu zai samu, da kuma inda marubucin ya yi tuntuɓe. An riƙa gwada su da Hausa da wasu harsunan Nijeriya a wuraren da gwadawar za ta ƙara haske.

2.0 Ma'anar Kalmomi da Tushen Wuyar

A wannan maƙala, ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda aka gina a kan wani sabon abu da babu shi a duniyarmu, amma aka ba shi hujja irin ta ilimi, kamar wata na'ura, ko wata halitta ta wata duniya, ko wani zamani mai zuwa. Darko Suvin, a littafinsa na 1979, ya nuna cewa aikin irin wannan labari shi ne ya mayar da abin da muka saba da shi baƙo a idonmu, ta yadda hankali zai sake auna shi. Ƙagaggen labarin al'ajabi kuwa ba ya neman hujjar kimiyya. Sihiri da aljanu da dodanni suna cikinsa, sai dai dole su bi wata ƙa'ida da labarin ya shimfiɗa wa kansa.

Kashi na biyun nan ba baƙo ba ne a Nijeriya. Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda aka buga a 1934, cike suke da aljanu da ƙasashen mamaki. Haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa na 1951. A Yarabanci akwai Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale na D. O. Fagunwa na 1938, wanda Wole Soyinka ya fassara zuwa Ingilishi a 1968. Ke nan mai karatun Nijeriya yana da guzurin shiga wannan fage.

To ina wuyar take? Samuel R. Delany ya lura da cewa a labarin kimiyya jumlar da aka saba ɗauka a matsayin adon magana tana iya zama bayani na zahiri. Alal misali, idan aka ce a littafin soyayya "zuciyarsa ta mutu", kowa ya san ana nufin ya zama malalaci ko ya fid da rai. A labarin kimiyya kuwa, mai yiwuwa ne zuciyar ta ƙarfe ce, batirinta ya ƙare. Saboda haka dole mai karatu ya riƙe ma'anoni biyu a ransa har sai labarin ya warware masa. Bugu da ƙari, marubutan ba su cika tsayawa su fassara baƙin kalmominsu ba. Mai karatu ne zai tsinci ma'ana daga muhallin da kalma ta fito, kamar dai yadda mai binciken harshe yake yi idan ya sauka a ƙauyen da ba shi da tafinta.

3.0 Littattafan

3.1 Jinsi a Nahawu: The Left Hand of Darkness

Le Guin, wadda ta rayu daga 1929 zuwa 2018, 'yar Alfred Kroeber ce, sanannen masanin al'adun al'umma, kuma littafin nata zubin rahoton mai bincike gare shi. Wani jakada mai suna Genly Ai ya je wata duniya mai tsananin sanyi da ake kira Gethen. Mutanen wannan duniya ba maza ba ne ba kuma mata ba a yawancin kwanakinsu. Sau ɗaya a kowane zagaye na kwana 26 ne jikinsu yake karkata zuwa ɗaya daga cikin jinsin biyu, kuma wanda ya haifi wani ɗa a matsayin uwa yana iya zama uban wani. Har sarkin ƙasar Karhide ya ɗauki ciki a cikin labarin.

Le Guin ta yi amfani da wakilin sunan namiji ga dukkan mutanen Gethen. An soke ta a kan haka, ta kare kanta a wata maƙala ta 1976, amma daga baya ta sake waiwayar maƙalar ta amince cewa masu sukar suna da gaskiya. Abin lura a nan shi ne matsalar da ta fuskanta a Ingilishi ƙarama ce idan aka gwada ta da wadda mai fassarawa zuwa Hausa zai tarar. Ingilishi yana bambanta jinsi ne a mutum na uku tilo kawai. Hausa kuwa tana bambantawa a mutum na biyu, wato kai da ke, da na uku, wato shi da ita, da lamirin da ke gaban aikatau, da mahaɗin mallaka, da sifa, da kuma dirka. Wasu babobin littafin daga bakin Estraven suke, wani babban jami'in Karhide. Duk inda Estraven zai nuna kansa, sai mai fassara ya zaɓi "ni ne" ko "ni ce". Hanyar kuɓuta ita ce jam'i, tun da Hausa ba ta bambanta jinsi a jam'i, kuma muna da "ku" da "su" na girmamawa. Sai dai wannan zai kawo nisa a tsakanin Genly da Estraven, alhali kuwa kusantarsu a lokacin da suke ƙetare sararin ƙanƙara ita ce ƙashin bayan labarin.

Ga mai fassarawa zuwa Yarabanci ko Ibo ko Kanuri, wannan matsala ba ta taso ba, domin wakilin suna a waɗannan harsuna ba ya nuna jinsi. Shekarun da na yi ina koyar da Hausa nesa da gida, ga ɗaliban da ba harshensu ba ne, sun nuna mini cewa babu abin da yake wahalar da su kamar "ya" da "ta". Ɗalibin da ya rubuta "yarinya ya tafi" ya san yarinya mace ce sarai, harshensa ne bai saba tilasta masa faɗin haka a kowace jumla ba. Oyeronke Oyewumi, a littafinta na 1997, The Invention of Women, ta kafa hujja da irin wannan hali na Yarabanci ta ce girma da ƙanƙanta ne ginshiƙin zaman Yarabawa na dauri, ba jinsi ba. Wasu masana sun ƙalubalance ta. Duk wanda yake son shiga wannan muhawara zai amfana da karanta Le Guin, saboda ta nuna yadda wakilin suna ɗaya yake juya hoton da mai karatu yake gani.

3.2 Harshe da Tunani: Delany, Le Guin da Wolfe

Ra'ayin da ake dangantawa da Edward Sapir da Benjamin Lee Whorf, cewa harshe yana tsara tunanin mai magana da shi, ya ja hankalin marubuta sosai. Mafi shahara a cikinsu shi ne George Orwell, wanda Bala Abdullahi Funtua ya fassara Animal Farm nasa da sunan Gandun Dabbobi a 1975. A Nineteen Eighty-Four na 1949, Orwell ya ƙago gwamnatin da take rage kalmomin harshe da nufin tunanin tawaye ya gagara. Littattafai uku da ke tafe kowanne ya ɗauki wannan ra'ayi ta fuska daban.

Babel-17 na Delany, wanda ya fito a 1966, shi ne ya fi kai ra'ayin maƙura. Tauraruwarsa Rydra Wong mawaƙiya ce kuma masaniyar harsuna. An ba ta wasu saƙonnin abokan gaba da ake zaton rubutun asiri ne, sai ta gano cewa harshe ne cikakke, kuma makamin yaƙi ne. Harshen ba shi da kalmar "ni", don haka wanda ya koye shi yakan zama kamar na'ura, ya ci amanar mutanensa ba tare da ya sani ba. Babin da Rydra take ƙoƙarin koya wa wani mutum bambancin "ni" da "kai" yana da kyau ƙwarai, ya kuma dace a karanta wa ɗaliban da ake koya wa kalmomin nuni. Amma a matsayin kimiyyar harshe, ginin ba ya tsayuwa. Rashin kalma ba ya hana tunani. 

The Dispossessed na Le Guin, na 1974, ya fi natsuwa. Wasu 'yan tawaye sun bar duniyar Urras sun kafa al'ummar da ba ta da gwamnati ba ta kuma da mallakar dukiya a kan watan Anarres. Sun ƙirƙiri harshe mai suna Pravic wanda yake guje wa wakilin suna na mallaka, har yaro ba ya saba cewa "uwata", kuma kalma ɗaya ce take nufin aiki da wasa. Duk da haka, tauraron labarin, Shevek, masanin kimiyya, ya gamu da wani babban malami mai suna Sabul wanda yake danne aikin na ƙasa da shi yana kuma neman a jingina masa shi. An cire mallaka daga nahawu, amma ba ta fita daga zuciya ba. Wannan darasi ne ga masu tsara manufofin harshe, waɗanda wani lokaci suke zaton sauya kalma ya isa ya sauya hali.

Amsa mafi kaifi ga Orwell tana cikin The Book of the New Sun na Gene Wolfe, mai juzu'i huɗu, wanda ya fito daga 1980 zuwa 1983. A juzu'in ƙarshe an gamu da wani fursunan yaƙi daga al'ummar da aka haramta wa manyanta furta kowace jumla sai wadda take cikin littattafan gwamnatinsu. Da aka yi gasar ba da labari a ɗakin jinya, sai ya jero waɗannan haddatattun jumloli ɗaya bayan ɗaya, wata mata tana fassara manufarsu, har ya ba da cikakken labarin wani talaka da aka zalunta yana neman adalci. Bahaushe zai gane wannan nan take. Mun san yadda kishiyoyi suke yin faɗa da karin magana da habaici ba tare da ɗayarsu ta ƙirƙiri jumla tata ba. Ma'ana tana cikin zaɓi da jerantawa da lokacin furtawa. Wuyar littafin Wolfe kuwa ita ce kalmominsa. Waɗanda suke kama da ƙagaggu yawancinsu tsofaffin kalmomi ne da ya tono daga Girkanci da Latin da Ingilishin da aka daina amfani da shi. Har ila yau mai ba da labarin, Severian, ɗan ƙungiyar masu azabtar da fursunoni ne, yana iƙirarin ba ya mantuwa, amma maganganunsa sukan saɓa wa juna. Karatu ɗaya ba ya isar wannan littafi.

3.3 Sauyin Harshe: Riddley Walker

Russell Hoban, Ba'amurke mazaunin Landan, ya buga wannan littafi a 1980. Labarin yana faruwa ne a yankin Kent na Ingila, kimanin shekara 2000 ko fiye bayan yaƙin nukiliya ya rushe duniya. Yaro ɗan shekara 12 ne yake rubuta shi, da wani gurɓataccen Ingilishi wanda aka rubuta yadda ake furta shi. Shafukan farko suna da wuya har ga Baturen Ingila, kuma maganin wannan shi ne a karanta da ƙarfi.

Abin da zai burge masanin tarihin harshe shi ne yadda Hoban ya yi amfani da sake yanka kalma da kuma asalin kalma irin na jama'a. Sunan garin Canterbury ya koma Cambry. Kalmar Ingilishi ta ƙwayar zarra ta haɗe da sunan Adamu ta zama sunan wani mutum a cikin tatsuniyar asalin al'ummar. Ita kanta tatsuniyar ta samo tushe ne daga wani zanen bango na waliyyin Kirista Eustace da ke majami'ar Canterbury, wanda mutanen suka tsinci bayaninsa suka yi masa tafsiri irin nasu. Muna da makamancin wannan. Harafin ma'arifa na Larabci ya manne a jikin kalmomi irin su alƙali da alƙalami da laifi da littafi, har muna sake ƙara musu madanganci mu ce "alƙalin". Haka kuma akan fassara sunan Bayajidda da "ba ya ji da", wato suna ya haifi labarin da zai bayyana shi.

Rauninsa shi ne sauyin ya yi kaɗan. Ingilishin shekara 1000 da suka wuce ba ya karantuwa ga mai jin Ingilishin yau sai ya koye shi a makaranta, amma harshen Riddley, bayan ninkin wannan lokaci, ginin jumlarsa bai motsa sosai ba. Hoban ya sauya furuci da kalmomi ya ƙyale nahawu. Ana iya yi masa uzuri, domin da ya bi gaskiya da babu mai iya karantawa, amma ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai wannan giɓi.

3.4 Ma'ana da Iyakar Fahimta: Embassytown da Solaris

A Embassytown na China Miéville, na 2011, an ƙago wata halitta mai suna Ariekei wadda take magana da baki biyu a lokaci guda. Ba sa jin maganar na'ura ko ta mutum ɗaya a matsayin harshe, sai an kawo mutum biyu da aka halitta iri ɗaya, suka yi furuci tare da nufi ɗaya. Mafi muhimmanci, ba sa iya ƙarya, domin a wurinsu babu tazara tsakanin kalma da abin da take nuni gare shi. Idan suna bukatar kamantawa, sai sun sa an aikata abin a zahiri tukuna. Mai ba da labarin, Avice, tun tana yarinya aka sa ta aikata wani abu domin ta zama kamantawa a harshensu.

Rikici ya ɓarke da aka kawo sabon jakada wanda mutum biyun da suka haɗa shi ba iri ɗaya ba ne, maganarsa ta zame wa Ariekei kamar ƙwaya mai sa maye. Mafitar da aka samu ita ce a koya musu su tsallaka daga kamantawa zuwa siffantawa, wato daga "Audu kamar zaki yake" zuwa "Audu zaki ne". Jumla ta biyu ƙarya ce a zahiri, gaskiya ce a manufa. Malaman balaga sun daɗe da bambanta tashbihi da isti'ara, amma Miéville ya mayar da bambancin batun rai da mutuwa. Ana iya cewa harshen da ba ya ƙarya ba harshe ba ne, tun da ba zai iya ɗaukar sharaɗi ko zato ba, kuma littafin da kansa ya kai ga wannan matsaya. Aibinsa shi ne kashi ɗaya cikin uku na farko yana tafiyar hawainiya, taurarinsa kuma ba su da ɗumi.

Solaris na Stanislaw Lem, wanda aka buga da harshen Foland a 1961, ya ɗauki hanyar da ta saɓa. A nan babu fahimtar juna ko kaɗan. Wata duniya ce da teku mai rai ya lulluɓe, masana sun shafe tsawon zamani suna nazarinsa. Masanin halayyar ɗan Adam, Kris Kelvin, ya isa tashar bincike ya tarar tekun yana ƙera wa kowane mai bincike mutumin da ya fi damun zuciyarsa, shi kuma aka ƙero masa matarsa da ta kashe kanta. Masu karatu da yawa sukan tsallake babobin da Kelvin yake bitar ɗakin karatu, alhali su ne suka fi shafar mu. Lem ya zayyana fannin ilimi sukutum, da mazhabobinsa da rabe-rabensa da keɓaɓɓun kalmominsa, wanda ya raɗa wa kowane motsin teku suna amma bai fahimci ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa duba kundin digiri mai cike da rabe-raben jigo da salo ba tare da an faɗi abin da waƙar take nufi ba, zai ji wannan bulala a jikinsa. A kuma lura da fassara: ta Ingilishi ta 1970 daga Faransanci aka yi ta, sai a 2011 Bill Johnston ya fassara kai tsaye daga harshen asali. Gwada su biyun darasi ne a kan fassara ta hannu na biyu.

3.5 Baka da Rubutu: A Stranger in Olondria

A fagen al'ajabi, kowa ya san J. R. R. Tolkien, farfesan tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford, wanda ya fara ƙirƙirar harsuna kafin ya gina musu labari, ya ɗora sautin ɗaya a kan harshen Finlan, ɗaya kuma a kan na Wales. Amma littafin da ya fi kusa da damuwarmu shi ne na Sofia Samatar, na 2013, wanda ya ci kyautar World Fantasy a 2014. Marubuciyar tana da digirin digirgir a fannin harsuna da adabin Afirka daga Jami'ar Wisconsin, mahaifinta kuma Said Samatar masanin waƙar baka ta Somaliya ne.

Jevick ɗan wani attajirin barkono ne daga tsibirin da ba a san rubutu ba. Wani baƙon malami ya koya masa harshen daular Olondria da littattafanta, har ya fi ƙaunar ƙasar da bai taɓa gani ba a kan tasa. Da ya isa can, sai kurwar wata yarinya 'yar tsibirinsu mai suna Jissavet, wadda ta rasu ba ta iya karatu ba, ta hana shi sakat sai ya rubuta tarihinta. Tambayoyin da suka biyo baya sanannu ne ga duk wanda ya taɓa ɗaukar waƙar makaɗi ya mayar da ita takarda: da wane harshe za a rubuta, da haruffan wa, kuma me yake salwanta idan murya ta koma tawada? Al'ummar da ta yi rubutu da ajami sannan da boko ba ta bukatar a fassara mata wannan. Wuyar littafin ita ce salonsa mai nauyi, dogayen jumloli da siffantawa a kan siffantawa, da kuma labarai a cikin labari irin zubin Magana Jari Ce. Mai gaggawar sanin ƙarshe zai ƙosa.

4.0 Hanyar Karatu da Wasu Gargaɗi

Shawarata ga wanda bai saba ba ita ce ya fara da The Dispossessed, sannan The Left Hand of Darkness, sannan Samatar. Daga nan ya shiga Lem da Delany da Miéville. Ya bar Hoban da Wolfe zuwa ƙarshe. Ya ajiye ɗan littafi a gefe yana rubuta kowace baƙuwar kalma da zaton ma'anarta, yana gyarawa yayin da hujja ta ƙaru. Ya kuma daure wa shafi 50 na farko, domin a nan ne yawancin masu karatu suke ajiyewa.

Akwai gargaɗi uku. Na farko, waɗannan ƙagaggun labarai ne, kuma bai halatta a kafa hujja da su a kan yadda harshe yake aiki ba. Amfaninsu shi ne su kai ra'ayi iyakarsa mu ga inda zai karye. Na biyu, wasunsu suna ɗauke da batutuwan jima'i da azabtarwa da kisan kai, don haka sun dace da manyan ɗalibai ne, ba 'yan sakandare ba. Na uku, yawancin marubutan daga Ingilishi suke hangen harshe. Ba su cika tunawa da karin sauti ko ajin suna ko jerin aikatau ba, abubuwan da suke yau da kullum a harsunan Nijeriya. Marubutanmu sun fara cike wannan giɓi. Nnedi Okorafor ta sa rubutun Nsibidi a tsakiyar Who Fears Death na 2010, ta kuma sa wasu taurarin Lagoon na 2014 suna magana da Ingilishin Burokin na Legas. Amma su ma da Ingilishi suke rubutu.

5.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa wuyar waɗannan littattafai daga harshe take fitowa, kuma masanin harshe ya fi kowa kayan aikin tunkarar ta. An ga yadda jinsin nahawun Hausa yake tsananta matsalar Le Guin, da yadda karin magana take gaskata Wolfe a kan Orwell, da yadda kalmomin aro suke haska aikin Hoban. Abin da ya rage shi ne aiki a gida. Sassanmu suna iya ba ɗaliban fassara babi ɗaya na The Left Hand of Darkness su mayar da shi Hausa da Yarabanci da Ibo, a gwada sakamakon a taro guda. Haka kuma lokaci ya yi da za a koma ga Tauraruwa Mai Wutsiya a yi nazarin yadda Dembo ya samar da kalmomin sararin samaniya a 1969, a gwada su da waɗanda kafofin watsa labarai suke amfani da su, domin marubucin da zai ɗora daga inda ya tsaya ya san abin da ya gada.